Hilux da aka ɗaga inci biyu: wace taya da wane wili suka dace da ita?

Manomin Wurno:

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan uwa masu sanin sha'anin mota. Ina da Toyota Hilux ƙirar 2017, mai ƙofa huɗu, injin fetur 2.7, giyar hannu, kuma tana ja da ƙafa huɗu idan an saka mata. Na saye ta a hannu bara, kuma wanda ya riƙe ta kafin ni ya riga ya ɗaga ta kimanin inci biyu, domin ya canza sifirin da shok na gaba, ya kuma ƙara falle ɗaya a sifirin na baya. Tayoyin da ke kanta har yanzu masu lambar kamfani ne, wato 265/65R17 (faɗin taya milimita 265, tsawon gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wili inci 17), kuma haƙoransu sun cinye, dole in canza su kafin damina ta kankama.

A cikin garin Sakkwato nake zaune, amma gonata tana fadamar Rima ta wajen Wurno. Nakan bi kwalta ta Achida, daga nan in sauka kan burji, sannan in shiga rairayi da laka har bakin gona. Da rani ina ɗauko albasa, da damina kuma ina kai taki da ma'aikata. A watan Agustan bara motar ta kafe mini a wani wuri da taraktoci suka haƙe sawu biyu masu zurfi suka bar tudu a tsakiya. Ƙafafu huɗu suna juyawa a banza, kuma da muka leƙa ƙasa sai muka tarar tulun ƙarfen da ke tsakiyar aksil na baya ya nutse cikin tudun, ya turo laka a gabansa kamar garma. Tun hantsi muke haƙa da shebur tare da samarin ƙauyen, ba mu fita ba sai bayan la'asar, kuma wannan ba hanyar da mutum zai so dare ya riske shi a kanta ba ce.

Wani mai sayar da kayan mota ya nuna mini taya 285/70R17 tare da wili na alminiyam baƙi, mai faɗin inci 9, an buga ET-12 a bayansa. Ya tabbatar mini cewa tunda an ɗaga motar, za su shiga ba tare da sun taɓa komai ba. Ba zan ɓoye ba, sun yi mini kyau ƙwarai, amma kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma mota ce ta neman abinci. Ina so in sani ko da gaske za su shiga ba tare da an yanke wani abu ba, ko za su hana abin da ya same ni bara, da kuma abin da za su jawo wa injin da ƙafar motar idan tafiya ta yi nisa. Allah shi saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Baba Makanike:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi daidai da ka tambaya kafin ka biya, domin yawancin waɗanda ke zuwa garejina sun riga sun biya, kuma mai kaya ba ya karɓar tayar da ta taka ƙasa.

Abin da ya kama ka a fadama shi ne tulun aksil na baya, kuma ɗagawar da aka yi wa motarka ba ta ɗaga shi ko da milimita ɗaya ba. Sifirin yana zaune ne tsakanin aksil da shasi, saboda haka idan aka ƙara masa tsawo, shasi da bodi ne suke hawa sama, aksil kuwa yana nan inda taya ta riƙe shi. Taya ce kaɗai take iya ɗaga wannan tulun, kuma rabin abin da ta ƙaru a tsawo ne kawai yake zama ƙarin tazara daga ƙasa. Tayarka ta yanzu tsawonta milimita 776 ne idan aka lissafa daga lambarta. Mai lamba 265/70R17 tana da 803, ita kuwa 285/70R17 tana da 831. Wato ta farko za ta ba ka ƙarin milimita 13 a ƙarƙashin tulun, ta biyu kuma 27, inci ɗaya da ɗan abin da ba a rasa ba. Ka riƙe waɗannan alƙaluma, domin duk abin da za ka kashe da duk wahalar da za ka sha a kan wannan inci ɗaya ne.

Maganar cewa za su shiga tunda an ɗaga motar kuwa, a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Ƙafar gaba ta Hilux kowace tana motsi ita kaɗai a kan hannuwa biyu, na sama da na ƙasa, kuma akwai wata roba da take tsayar da ita idan ta kai ƙarshen hawanta. Dogon sifirin yana canza inda motar take tsayawa ne idan tana ajiye a fili, amma bai matsar da wannan robar ba. Ranar da ka faɗa rami da kaya a baya, sitiyari kuma yana karye, ƙafar za ta haura har inda take kaiwa tun kafin a ɗaga motar, kuma a wurin ne babbar taya take cin jiki. A ajiye a gaban shago za ka ga fili har ka zura hannunka, ka ce ai ta shiga. Gwajin gaskiya shi ne a karya sitiyari har ƙarshe, a ja baya a hankali, a hau da ƙafa ɗaya kan tudu.

Wurare uku ne take taɓawa. Ta baya tana gogar robar kare taɓo, kuma a bayan robar akwai ƙarfen da ya fito daga shasi yana ɗauke da bodi. Ta gaba tana cin robar da ke cikin bamba. Ta ciki kuma gefenta yana kusantar hannun sama. Robobi abu ne mai sauƙi, ana iya rage su da wuƙa ko a dumama su a tura su baya. Wancan ƙarfen shi ne abin tsoro, domin idan 285 ta same shi sai an yanke shi an sake walda, kuma wuri ne da yake ɗauke da gidan da kai da ma'aikatanka kuke zaune a ciki. Na ga wanda aka yanke aka bar shi a buɗe, ruwa da laka suka shiga, tsatsa ta cinye shi daga ciki.

Yanzu sai wilin da aka nuna maka, wanda a ganina ya fi tayar zama matsala. Lambar ET tana nuna nisan fuskar da take mannewa da hob, wato inda ake ɗaura ƙafa a jikin mota, daga tsakiyar faɗin wili, a milimita. Idan lambar ta yi yawa, wili yana shigewa cikin mota, idan ta ragu ko ta koma ƙasa da sifili, yana fitowa waje. Ka cire ƙafa ɗaya ka duba bayan wilinka na kamfani, na san za ka ga faɗin inci 7.5 da ET 30. Daga 30 zuwa -12 tazarar milimita 42 ce, saboda haka tsakiyar tayarka za ta matsa waje da milimita 42, kuma idan ka haɗa da ƙarin faɗin tayar, gefenta na waje zai fito da fiye da milimita 50 a kowane ɓangare. Gaskiya ne hakan yana nisanta taya daga hannun sama, kuma dalilin da ya sa masu sa 285 suke neman irin wannan wilin ke nan. Sai dai duk yadda taya ta fito waje, haka kewayen da take yi idan an karya sitiyari yake ƙara faɗi, sai ta je ta sami wancan ƙarfen na baya, wanda tayar da ta fi kusa da jiki za ta wuce ba ta taɓa ba. An gudu daga wata matsala an faɗa wadda ta fi ta.

Ban da wannan, an ƙera boris ɗin ƙafa ne domin nauyi ya sauka a daidai kansa. Idan ka tura taya waje, kamar ka ɗauki bokitin ruwa ne hannunka a miƙe maimakon a jikinka: nauyin bai canza ba, amma kafaɗarka ta san bambanci. Boris, boljoyin da tayarod duk za su riƙa ƙarewa da wuri, kuma a kan gargada kowane dutse da ƙafa ta buga za ka ji shi a tafin hannunka ta sitiyari. Taya kuma za ta fito daga ƙarƙashin madigadi ta riƙa watsa tsakuwa da laka a ƙofofi da madubi, da kuma kan masu babur da ke gefenka.

Shawarata ita ce ka sa 265/70R17 a kan wilinka na kamfani, domin tana zama a kan faɗin inci 7.5 lafiya lau. In kuwa ranka ya biya da sabon wili, ka nemi mai faɗin inci 8 wanda lambarsa ba ta yi nisa da ta kamfani ba, tsakanin 20 da 30. Kafin komai kuma ka sa a duba robobin shaf na gaba, domin ɗagawa tana karkatar da shaf, robar ta riƙa tsagewa, giris ya zube, rairayi ya shiga. Bayan an ɗaura tayoyin a yi wa ƙafa saiti a wurin da suke da na'ura, ba da igiya ba.

Direban Illela:

Ranka shi daɗe Baba, duk abin da ka faɗa haka yake, amma ina neman izini in ƙara wani abu daga ɓangaren wanda ya tuƙa. Na yi shekara biyu ina jan Hilux mai injin irin na mai tambaya, an sa mata 285/70R17, tsakanin Sakkwato da Illela da ƙauyukan da ke gefen hanya. Inci ɗayan nan da yake kamar ƙarami a kan takarda, a cikin sawun tarakta ba ƙarami ba ne. Akwai wuraren da na wuce ina jin tulun yana shafar tudu kaɗan, alhali wadda ke bayana da tayar kamfani ta zauna. Saboda haka ba zan ce ba ta da amfani ba. Abin da zan ce shi ne ana biyan kuɗin wannan amfanin kowace rana, shi kuwa amfanin sau biyu ko uku yake zuwa a shekara.

Taya mai tsawo tana sa kowace giya ta yi wa injin nauyi, kuma injin fetur 2.7 ba ya da ƙarfi a ƙasa kamar na gas, sai an taka shi ya ɗaga murya. Idan motar ba kaya, ba za ka damu ba. Idan ka loda buhunan albasa, tashi daga tsaye sai ka riƙe kuloci fiye da yadda ka saba, har ka ji warinsa, kuma hawan da kake yi da giya ta huɗu sai ka sauko ta uku. Mai ya ƙaru, birki kuma ya ƙara nisa, domin ƙarfin da yake kama faifai bai canza ba amma tayar da yake tsayarwa ta fi tsawo ta fi nauyi. Na taɓa ɗora tsohuwar tayar da sabuwar a kan sikelin 'yan albasa, sabuwar ta fi da kusan kilo takwas, kuma wannan a kowace ƙafa ne.

Abin da ya sa na rubuto musamman shi ne noti, domin shi ne ya kusa halaka mu. Notin wilin alminiyam na Toyota yana da wuya dogo da wasa shimfiɗaɗɗe a gindinsa. Yawancin wilin kasuwa kuwa ramukansu masu gangare ne, kamar bakin mazurari, kuma noti mai tsini irin nasu suke buƙata. Yaron da ya ɗaura mana sabon wili ya mayar da tsofaffin notocin, ya ɗaure su da ƙarfi, muka tafi. Kwana huɗu bayan haka, dab da Gwadabawa, na fara jin wani ƙara a baya kamar ana buga ƙarfe a hankali, yana ƙaruwa idan na sassauta mai. Da na tsaya na taɓa ƙafar hagu ta baya, noti biyu da yatsa na juya su, ramukan wilin sun zama kamar ƙwai, garin alminiyam ya yi fari a kewayensu. Mutum biyar ne a motar. Wilin nan bai sake moruwa ba.

Don haka, ɗan uwa, duk wilin da za ka saya ka tabbata notinsa ya zo tare da shi, mai zare M12x1.5. Kada ka tsaya a kan cewa ramuka shida ne. Tsarin Hilux 6x139.7 ne, wato ramuka shida a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7, kuma motoci da dama suna da shi, amma ramin tsakiya ya bambanta. Na Hilux milimita 106.1 ne, na Ford Ranger 93.1, na Mitsubishi L200 kuma 67.1, saboda haka wilin waɗannan ba zai zauna a kan hob ɗinka ba ko da ramukan noti sun yi daidai, kuma kada ka yarda a kai shi wurin mai injin sassaƙa a faɗaɗa. Idan ramin ya fi 106.1 girma, akwai zoben da ake sawa ya cike tazarar domin wili ya zauna a tsakiya. A ɗaure notocin da sifana mai awo a kan abin da littafin motar ya ce, wanda a tamu 105 Nm ne, kada a hau kan sifana da ƙafa, sannan a sake duba su bayan kilomita 50 zuwa 100.

Manomin Wurno:

Na gode Baba, na gode ɗan uwa, Allah shi ƙara kiyayewa. Na cire ƙafa na duba, 7.5 da ET 30 ne kamar yadda Baba ya faɗa. Da na koma wurin mai kayan na gaya masa ba zan ɗauki wilin ba, sai ya ce to in ɗauki 285 ɗin kawai, ya ba ni faifan ƙarfe da ake sawa tsakanin hob da wili domin ya turo ƙafar waje. Baba, wannan fa?

Baba Makanike:

Hanya ɗaya ce aka canza mata suna, ɗana. Faifai mai kaurin milimita 30 a kan wili mai ET 30 daidai yake da wili mai ET sifili, boris bai san bambanci ba, kuma tayar za ta je ta sami ƙarfen nan na baya kamar yadda na bayyana. Ka ƙara da cewa notocin da za ka riƙa lura da su sun ninka, shida a ɓoye a bayan wili inda idonka ba ya kaiwa. Siririn faifai da ake zurawa kawai ya fi muni, domin yana rage zaren da noti yake kamawa. A motar da take ɗaukar kaya da mutane a kan gargada, ni ba na sa shi.

Mai Faci:

Sannunku da ƙoƙari. Ni aikina faci da iska ne a bakin hanya, kuma abin da ake kawo mini ya fashe shi nake so in yi magana a kai, domin girman taya ba shi ne yake fasa ta a ƙasar nan ba.

Alhaji, kowace lamba ka zaɓa, ka fara duba shekarunta. A gefen taya akwai rubutun da ya fara da DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu ne: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Jami'an kiyaye haɗurra ma wannan lambar suke dubawa a hanya. Manyan lambobi irin 285 ba su cika tafiya a kasuwarmu ba, saboda haka sukan daɗe a shago ko a rana, kuma da yawa daga cikin masu araha 'yan Beljiyam ne, haƙori cike amma gefe ya fara tsattsagewa. Wasu ma tayoyin hunturun Turai ne masu taushin roba, waɗanda kwaltar watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, take cinyewa cikin ɗan lokaci. Ka lanƙwasa gefen da hannunka a cikin haske, in ka ga ƙananan tsagu kamar busasshen tabki, ka bar ta.

Sai lambar nauyi, wadda take biye da lambar girma. Ta kamfani yawanci 112 ce, ma'ana kowace taya tana ɗaukar kilo 1,120. Kada ka sauka ƙasa da haka. Akwai masu harafin LT a gaba, wato na ƙananan motocin ɗaukar kaya, waɗanda wasunsu suke kai 121, wato kilo 1,450, kuma gefensu ya fi kauri, ya fi jure kututturen dawa da ƙaya, abin da mai shiga gona yake buƙata. Sai dai sun fi nauyi da tauri, kuma suna son iska fiye da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, domin wancan rubutun na tayar kamfani ne. Kuma taya mai lamba 121 ba ta ƙara wa motar abin da za ta iya ɗauka ba, wanda bai wuce kimanin tan ɗaya ba har da mutanen ciki. Shi ma wili yana da nauyin da aka buga a bayansa, in babu wannan rubutun kada ka saya. An sha kawo mini na alminiyam mai ƙyalli ya tsage daga ramin noti, alhali na ƙarfe in ya lotse da guduma ake miƙe shi a ci gaba da tafiya.

Game da haƙori, tunda mafi yawan tafiyarka kwalta ce da burji, mai A/T, wato ta kowace irin hanya, ta fi dacewa da kai. Mai manyan haƙora ta M/T ta fi ta a laka, amma tana kuka a kwalta, tana saurin cinyewa, kuma a rairayi tona rami take yi ta binne kanta. A rairayi abin da yake fitar da mota shi ne rage iska zuwa wajen PSI 18 ko 20 a geji, sai taya ta shimfiɗu ta hau saman yashi. Amma ka lura da abu biyu: a cikin sawu mai tudu a tsakiya rage iska yana ƙara saukar da tulun, kuma kada ka hau kwalta da gudu kafin ka mayar da ita, domin ƙarancin iska da kaya da zafi su ne suke fasa taya. Ka sayi ƙaramin famfo mai aiki da batir da geji naka na kanka, ka riƙa aunawa da safe kafin motar ta motsa. In ka auna da rana bayan tafiya ka ga ta hau, kada ka sace ta, zafi ne, za ta sauka da kanta.

Safaya kuma ta zama lamba ɗaya da sauran, wato taya biyar za ka lissafa ba huɗu ba. Ƙaramar safaya tare da manyan tayoyi tana wahalar da aksil, musamman idan an saka ƙafa huɗu, kuma 285 ba lallai ta shiga mazauninta na ƙarƙashin bodi ba.

Malamin Lissafi:

Ƙarin bayani kaɗan a kan alƙaluman Baba. Mitar gudu juyin taya take ƙirgawa, ba ƙasar da aka ci ba. Taya 265/70R17 ta fi ta kamfani da kashi 3.4 cikin ɗari, 285/70R17 kuma da kashi 7. Da ta biyun, gudun da a da yake 100 idan allura ta nuna 100 zai zama 107, kuma idan mita ta ce an yi kilomita 5,000, a zahiri an yi 5,350. Wannan ya shafi lokacin juyen baƙin mai, ya kuma shafi lissafin shan fetur, domin wanda bai gyara lissafinsa ba zai ga kamar motar ta ƙara sha fiye da abin da ta ƙara da gaske. Da 265/70R17, kilomita 5,000 a mita 5,170 ce.

Manomin Wurno:

Iyayena da 'yan uwa, na dawo in ba ku labarin yadda aka ƙare. Na ɗauki 265/70R17 masu A/T da harafin LT guda biyar, dukkansu na shekarar nan, aka ɗaura su a kan wilina na kamfani da notocinsa na asali. Safayar ta shiga mazauninta, ko da yake sai da muka ɗan juya ta kafin sarƙar ta ja ta sama. Da aka duba ƙasa, robar shaf ta dama ta riga ta tsage, giris ya yi baƙi a jikin hannun ƙasa, ban kuma taɓa lura ba sai da Baba ya ambata. An canza ta, an kuma yi saitin ƙafa da na'ura.

Mun yi gwajin da Baba ya ce a wani tudun ƙasa da ke bayan garejin. Makaniken ya shafa alli a robobin da ke kewaye da ƙafar gaba, na karya sitiyari har ƙarshe na ja baya a hankali da ƙafa ɗaya a kan tudun. A dama ba ta taɓa komai ba. A hagu allin ya goge a gefen ciki na robar kare taɓo, wuri kamar faɗin yatsu biyu, sai ya rage shi da wuƙa, muka sake gwadawa, shiru. Tsakanin tayar da ƙarfen da ke ɗauke da bodi yatsana ɗaya ne kawai yake shiga, kuma da na ga haka na fahimci inda 285 da wancan wilin za su je su tsaya.

Na kai taki gona sau biyu tun daga lokacin. Da kaya na ji ta ɗan yi nauyi wajen tashi, amma ban sauya giyar da na saba ba. Na sake duba notoci a Achida a tafiyar farko, babu wanda ya motsa. Wurin da na kafe bara har yanzu bai jiƙe sosai ba, saboda haka ban san abin da milimita 13 za ta yi mini a can ba tukuna. Na yi magana da maƙwabtan gonata uku, mun shirya za mu zuba tifa biyu ta marmara a wurin kafin ruwa ya yi ƙarfi, kuma famfo da geji da shebur suna bayan kujera. Idan Agusta ta zo zan dawo in faɗa muku abin da na gani, in Allah ya yarda.